"Ai Bai Ɗauki Komai Ba": Yunƙurin Aikata Laifi a Idon Doka

 

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin caji ofis da harabar kotu, musamman daga 'yan'uwan wanda aka kama idan sun zo neman beli. Uwa za ta durƙusa tana cewa, "Yallaɓai, ai bai ɗauki komai ba, ga babur ɗin can a hannun mai shi." Ko ka ji wani dattijo yana cewa, "To ai mutumin bai mutu ba, ga shi can yana yawo da ƙafarsa, a kan me za a tsare mana yaro?" Gaskiya suke faɗa, babur yana nan, mutum yana raye. Sai dai doka tana da babi guda sukutum a kan irin wannan hali, shi ne babin yunƙurin aikata laifi. Yau a kansa za mu tsaya, domin rashin saninsa yana cutar da mutane ta fuska biyu. Wasu suna ganin tunda abin bai yiwu ba, sun tsira. Wasu kuma suna ganin tunda sun zargi mutum da mugun nufi, ya riga ya zama mai laifi, har ya halatta a yi masa komai. Duka biyun kuskure ne, na biyun kuma shi ya fi zubar da jini.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi sannu a hankali. Wani mutum yana rigimar gado da ɗan'uwansa a kan gona. Dare ya yi, yana kwance yana juyi, zuciyarsa tana raya masa cewa in da wane zai mutu da ya huta. Har ya ƙudura a ransa zai sa masa guba. A wannan lokaci babu ɗan sandan da zai taɓa shi, babu alƙalin da zai saurari ƙara a kansa. Kotun duniya ba ta shari'ar abin da ke cikin zuciya, don ba ta da hanyar ganinsa. In da za a ba hukuma ikon ɗaure mutum a kan tunani, da babu wanda zai kwana gida lafiya, kuma da masu mulki sun sami hanya mafi sauƙi ta kawar da duk wanda ba sa so.

Gari ya waye, mutumin nan ya tafi kasuwa ya sayi shinkafar ɓera, ya ƙulle a leda ya sa a aljihu. Yanzu ya fara shiri. Amma a mafi yawan lokuta shiri kaɗai bai zama laifi ba tukuna. Mutum nawa ne suka sayi shinkafar ɓera a kasuwar nan a ranar? Kusan dukkansu ɓeraye ne suka dame su a rumbu ko a shago. Shi ma wannan, tsakanin kasuwa da gida yana iya tuna Allah, yana iya tuna cewa nono ɗaya suka sha, ya jefa ledar a masai. Doka tana so ta bar masa wannan ƙofa a buɗe.

To amma bai jefar ba. Da magariba aka kawo wa ɗan'uwan nasa kunu a kwano, ya faki ido ya zazzage gubar ciki, ya juya da ludayi, ya rufe, ya ajiye a inda aka saba ajiye masa. Ɗan'uwan ya dawo ya ce yau ba ya jin shan kunu, ko kuwa yaro ya yi tuntuɓe da kwanon ya zube. Ba wanda ya mutu, ba wanda ko ciwon ciki ya yi. Duk da haka, masu sauraro, wannan mutum ya riga ya aikata babban laifi. Ya yi nasa ya gama, abin da ya hana mutuwa ba daga wajensa ya zo ba. Wannan shi ne yunƙuri.

A jihohin Arewacin Najeriya da Abuja, kundin da ake aiki da shi a kan laifuffuka shi ne wanda aka fi sani da Final Kod. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ce ta kawo shi, bayan shawarar wani kwamitin masana shari'a da ya zauna a 1958 ƙarƙashin babban jojin Sudan na lokacin, Sayyid Muhammad Abu Rannat. An zartar da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, kwana ɗaya kafin samun 'yancin kai. An gina shi a kan kundin Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga kundin Indiya na 1860. Sashe na 95 na wannan kundi shi ne ya yi magana a kan yunƙuri gaba ɗaya. Abin da yake cewa a taƙaice: duk wanda ya yi yunƙurin aikata laifin da ake ɗauri a kansa, kuma a cikin yunƙurin ya yi wani aiki da ya nufi aikata laifin, to in ba a ware wa wannan yunƙuri hukunci na musamman a wani wuri ba, ana iya ɗaure shi har zuwa rabin mafi tsawon ɗaurin da aka tanadar wa laifin, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta nasu kundin, lambobin sassa sun canja, saboda haka wanda yake da shari'a a gabansa sai ya tambayi lauyansa abin da kundin jiharsa ya ce. Amma ginshiƙin maganar iri ɗaya ne.

Ginshiƙin kuwa abu biyu ne da dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar wa alƙali. Na farko niyya, wato wanda ake tuhuma ya nufi aikata wannan laifi ɗin takamaimai. Direban da ya yi tuƙin ganganci ya kusa take mutum, ana iya kama shi da tuƙin ganganci, amma ba za a ce ya yi yunƙurin kisa ba, don bai fito da nufin kashe kowa ba. Na biyu aiki, wato ya ɗaga ƙafa daga shiri ya shiga aikatawa. A kan wannan na biyu ne lauyoyi suke kwana suna tashi, domin kundin bai zana layi ya ce daga nan shiri ya ƙare ba. Alƙali ne zai duba abin da ya faru ya auna.

Ga wata shari'a daga Indiya, wadda alƙalanmu suke iya waiwaya tunda kundinmu daga can ya samo tushe. A farkon shekarun 1960, akwai dokar da ta hana fitar da shinkafa shanshera daga jihar Punjab ba tare da izini ba. Aka tare wata babbar mota cike da buhunan shinkafa a wani shinge, a kan hanyar Delhi, alhali da sauran mil da dama kafin a kai iyakar jihar. Aka gurfanar da direban, Malkiat Singh, da yunƙurin fitar da kaya. Kotun ƙolin Indiya ta sallame shi. Hujjarta ita ce tsakanin shingen da iyaka akwai tazarar da mutum zai iya canja shawara ya juya da motarsa, kuma in ya juya, abin da ya yi zuwa lokacin bai cuci kowa ba. Don haka shiri ne kawai.

Sai wasu biyu daga Ingila, waɗanda ɗaliban lauya a Zariya da Kano suke karantawa, kuma in ka jera su za ka ga yadda layin yake da siriri. A ta farko, wani mai suna Campbell, 'yan sanda sun sami labari suna biye da shi. Ya yi ta kai-komo a kusa da wani ƙaramin gidan waya, da bindigar roba a jikinsa da takardar barazana a aljihu. Suka cafke shi saura taku ɗaya ko biyu ya isa ƙofa. Aka yanke masa hukunci kan yunƙurin fashi, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta ce tunda bai shiga ciki ba, bai kai inda zai fara fashin ba. A ta biyu, a 1990, wani mai suna Jones ya buɗe mota ya shiga kujerar baya ya auna mai motar da bindiga cike da harsashi, saboda kishi a kan mace. Mai motar ya yi kukan kura ya kama bindigar, suka yi kokawa, ya tsira. Lauyan Jones ya ce ai da saura, bai cire makullin bindiga ba, bai ɗora yatsa a kunama ba, bai ja ba. Kotu ta ce a'a. Sayen bindiga da loda ta da zuwa wurin duk shiri ne, amma daga lokacin da ya shiga mota ya auna mutum, ya shiga aikin kisa. Ba sai an jira aiki na ƙarshe ba.

Na san wani a cikin masu sauraro zai ce hukuncin Campbell ya yi sassauci, mutum da takardar barazana a aljihu a bakin ƙofa, me kuma ake jira? A Ingilar ma an yi ta sukar wannan hukunci, don yana nuna kamar sai 'yan sanda sun bari an shiga an tsorata ma'aikata kafin su kama. Ni a ganina kotun ta ja layin kusa da laifin fiye da kima. Amma ina girmama abin da take tsoro. Tana tsoron ranar da za a ce tsayuwa kusa da shago, ko yawo da dare, ko kama da marasa gaskiya, ya isa a ɗaure mutum shekaru. Mu da muke zaune a inda ake iya kwashe matasa a majalisa a zuba a mota don kawai an gan su zaune, bai kamata mu raina wannan tsoro ba.

Kuma kada a ɗauka hukuma ba ta da abin yi da mai shiri. Akwai shirye-shiryen da doka ta mai da su laifi mai zaman kansa saboda haɗarinsu. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne ko ba ka harbi kowa ba. Haɗa baki, wato mutum biyu ko fiye su yi yarjejeniya za su aikata laifi, yana da nasa sassa a kundin, na 96 da na 97. Tura wani ko zuga shi ya aikata laifi shi ma haka. Abin da ake buƙata shi ne a tuhumi mutum da abin da ya yi, ba da abin da ake jin zai yi ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi ɗaure wa mutane kai. Idan laifin da ma ba zai taɓa yiwuwa ba fa? Ɗan sane ya bi mutum a cunkoson tasha, ya zura yatsu biyu a aljihun rigarsa, sai ya tarar aljihun wayam, ko sisi babu. Aka damƙe hannunsa a ciki. Zai ce me na sata? Babu abin sata ma. Doka ta ce ya yi yunƙurin sata. Niyyarsa cikakkiya ce, hannunsa ya shiga inda ba nasa ba, rashin kuɗin kuwa sa'ar mai aljihu ce. Kundin da ake amfani da shi a Kudancin Najeriya, Kiriminal Kod, ya faɗi wannan ƙarara a sashe na 4, cewa ba hujja ba ce a ce laifin ba zai yiwu ba saboda wani dalili da mai yunƙurin bai sani ba.

A Ingila an yi wata shari'a a 1910 wadda har yau ake koyar da ita. Wani mai suna White ya sa wa mahaifiyarsa guba a abin sha. Aka tarar da ita ta rasu, kofin yana gefenta. Da likitoci suka bincika, sai suka gano ciwon zuciya ne ya kashe ta, ba gubar ba. Kotu ta ce ba za a kama shi da kisa ba tunda ba aikinsa ne ya yi ajalinta ba, amma ta kama shi da yunƙurin kisa. Haka kuma a 1986 kotu mafi girma a ƙasar ta tabbatar da hukunci a kan wani mai suna Shivpuri, wanda ya karɓi akwati yana da yaƙinin miyagun ƙwayoyi ne a ciki, ashe garin ganye ne mai kama da taba, marar illa. Ya yi niyyar safarar ƙwaya, ya yi duk abin da mai safara yake yi, saboda haka ya yi yunƙuri. Wannan darasi ne ga matasanmu da ake ba wa saƙo a filin jirgi ko a tasha, a raɗa musu abin da ke ciki, su karɓa don kwaɗayin lada.

Wani zai tambaya, to wanda ya je wurin boka ya biya kuɗi a yi wa wane asiri ya mutu fa? A Jamus kotuna sun daɗe da yanke cewa neman kashe mutum ta hanyar tsafi ba ya shiga babin yunƙurin kisa, don kotu ba ta da ma'aunin da za ta gwada shi. A wajenmu kundin ya ware wa maita da tsafi nasu sassa dabam. Amma in bokan ya ba da ƙullin magani ya ce a barbaɗa a abinci, aka barbaɗa, to an koma maganar kwanon kunu, sunan da aka sa wa ƙullin ba zai ceci kowa ba.

Mu zo kan hukunci. Sata ta yau da kullum, a sashe na 287 na Final Kod, ɗaurinta yana iya kaiwa shekara 5. Yunƙurinta ke nan ba zai wuce shekara 2 da rabi ba. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa. Amma akwai laifukan da ba a bar su ga lissafin rabi ba. Yunƙurin kisan kai, a sashe na 229, yana iya kai mutum ɗaurin rai da rai. Mai kwanon kunun nan namu a nan ya faɗa. A Kudu ma haka ne, a sashe na 320 na kundinsu. Dokar tarayya ta fashi da makami ita ma ta ware wa yunƙurin fashi hukunci mai tsanani, wanda ya yi shi ɗauke da makami yana fuskantar ɗaurin rai da rai ko da bai tafi da ko allura ba.

Da yawanmu muna tuna ranar Kirsimeti ta 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi ƙoƙarin tayar da bam a cikin jirgin sama da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit a Amurka, da mutum kusan 290 a ciki. Bam ɗin bai fashe ba, wuta ce kawai ta kama, fasinjoji da ma'aikatan jirgi suka danne shi, jirgi ya sauka lafiya. Babu ran da ya salwanta. Ya amsa laifinsa a 2011, a watan Fabrairun 2012 kuma aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ba wanda ya ce tunda ba a mutu ba a sake shi.

Me ya sa a mafi yawan laifuka ake rage wa mai yunƙuri? Masana sun rabu a nan, kuma rabuwar tana da ma'ana. Wasu suna cewa wanda ya harba ya kuskure da wanda ya harba ya samu, zuciyarsu ɗaya ce, hannunsu ɗaya ne, bambancin kawai iska ce ta kaɗa harsashi ko wanda aka auna ya sunkuya, don me ɗaya zai ci ribar abin da ba shi ya yi ba? Wasu kuma suna cewa shari'a ba zuciya kaɗai take aunawa ba, tana auna ɓarnar da ta auku, kuma gidan da ake zaman makoki ba ɗaya yake da gidan da ake barka da arziki ba. Najeriya ta fi karkata ga ra'ayi na biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, da suka gaji tsarin Faransa, kundinsu na 1961 ya bi na farko a kan manyan laifuka: wanda ya fara aikata babban laifi, kuma ba abin da ya tsayar da shi sai wani dalili da ba daga son ransa ba, ana ɗaukarsa kamar wanda ya kammala. A ƙananan laifuka kuwa ba a hukunta yunƙuri sai inda doka ta ambata. Masu sauraronmu na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da 'yan kasuwar da ke tsallaka iyaka kullum, su lura da wannan bambanci.

Sai dai tsarin Nijar ɗin yana da wata rahama a ciki. Tunda sharaɗin shi ne wani abu daga waje ya tsayar da mutum, wanda ya fasa da kansa, ba don ya ji motsi ba, ba don ya hango 'yan sintiri ba, sai don zuciyarsa ta hana shi, ba a kama shi da yunƙuri. Za a iya kama shi da abin da ya riga ya ɓata, kamar fasa ƙofa ko rauni, amma ba da babban laifin ba. A Kudancin Najeriya fasawa da kai ba ta wanke mutum, amma kundinsu ya ce a rage masa rabin hukuncin da ya kamata. A kotunanmu na Arewa abu ne da lauya yake gabatarwa wajen roƙon sassauci. Ni dai ina ganin duk dokar da ta ba mutum dalilin janye hannu a daƙiƙar ƙarshe, ta yi wa wanda ake shirin cuta hidima. In mai riƙe da wuƙa ya san ko ya soka ko ya fasa hukuncinsa ɗaya ne, an cire masa dalili guda na fasawa.

Malaman fiƙihu sun yi wannan tunani tun kafin a rubuta kundin Indiya. Haddin sata a mazhabar Malikiyya ba ya tabbata sai an fitar da dukiya daga ma'ajinta, kuma ta kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami 3. Wanda aka kama a cikin ɗaki ya tattara kaya ya ɗaure amma bai fita da su ba, ba a yanke masa hannu. Ba kuma a sake shi ya tafi. Alƙali yana yi masa ta'aziri, wato horon da ya ga ya dace da shi da abin da ya yi. A kan wannan tushe kotunan shari'ar Musulunci suke tafiya a jihohin da suka kafa kundin shari'a tun daga Zamfara a 2000. A ɓangaren lahira kuma, hadisin Ibn Abbas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda yaranmu suke haddacewa a Arba'una, ya nuna cewa wanda ya yi nufin mummunan aiki sannan ya bar shi ana rubuta masa lada. Wani hadisin kuma, na Musulmi biyu da suka zare wa juna takobi, ya nuna wanda aka kashe ma bai kuɓuta ba, saboda shi ma ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kashe ɗan'uwansa. Malamai sun haɗa biyun suka bambance wanda ya bari don Allah da wanda aka fi ƙarfinsa.

Akwai yunƙuri guda da ya sha bamban da sauran, ina roƙon mu saurare shi da tausayi. Kundin 1959, a sashe na 231, ya sa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1 ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Turawan da muka gaji wannan tsari daga wajensu sun soke nasu tun 1961. Jihar Legas ta mai da shi umarnin kai mutum asibiti a dokarta ta 2011, majalisar Gana ma ta cire shi daga jerin laifuka a 2023. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya sun daɗe suna kira a yi haka a ko'ina, kuma ina tare da su. Addini ya haramta kashe kai, wannan ba a taɓa shi ba. Amma matar da aka ciro daga rijiya, ko saurayin da ya sha fiya-fiya aka ceto shi, mafi yawansu ciwon damuwa ne ya ci ƙarfinsu. Tsoron 'yan sanda yana sa iyali su ɓoye su a ɗaki maimakon su kai su asibiti. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. In wani naka ya fara cewa ya gaji da duniya, kada ka yi masa tsawa, ka zauna da shi, ka raka shi wurin likita.

Na ce ku riƙe lissafin shekara 2 da rabi. A Final Kod, wannan shi ne iyakar ɗaurin da alƙali zai iya yi wa wanda aka tabbatar, da shaidu, a gaban kotu, bayan an ba shi damar kare kansa, cewa ya yi yunƙurin satar babur ko waya. To ku gwada da abin da ke faruwa a kasuwanninmu da ƙofar masallatanmu. Wani ya ga yaro tsaye kusa da babur, ya ƙwalla "Ɓarawo!", kafin a ce kwabo an taru da gora da duwatsu, wani ya tafi neman taya da fetur. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko ya sa makulli, ko ya tura babur ɗin, ko inuwa kawai ya raɓa. Abin da kotun ƙoli take shafe watanni tana aunawa, taron jama'a ya yanke shi cikin minti biyar, ya kuma yanke hukuncin da doka ba ta ba wa ko ɓarawon da ya kammala sata ba.

A ƙarshen watan Maris na 2025 dukkanmu mun ji zafin abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo, inda aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa suna hanyar komawa gida Kano yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya kashe mutum 16. Ba wanda suka sace, ba wanda suka tare. An ga makami, aka ƙaga musu niyya, aka zartar. Mun yi kuka, kuma muna da gaskiyar yin kuka. Amma Bahaushe da kansa ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma hannun da ya ɗauki dutse a kan yaron da ke tsaye kusa da babur a unguwarmu, irin wannan hukuncin zato yake yi. Wanda ya shiga taron dukan kuwa ya san matsayinsa: in wanda aka daka ya mutu, tuhumar kisan kai ce a sashe na 221, hukuncinta kisa. In ya rayu, ana iya tuhumar masu dukan da yunƙurin kisa, laifin da ya ninka wanda suke zargin yaron da shi sau da yawa.

Doka ta ba kowane ɗan ƙasa ikon kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. In ka kama, ka kare shi daga taro, ka kai shi. In aka kira ka shaida, ka faɗi abin da idonka ya gani daki-daki: a ina yake tsaye, me ke hannunsa, ya taɓa makullin ko bai taɓa ba, me ya ce, me ya tsayar da shi. Kada ka ce "da ganinsa ka ga ɓarawo", alƙali ba zai iya aiki da wannan ba. In guba ake zargi, kada a wanke kwanon, kada a zubar da sauran abincin, a rufe shi a kai wa hukuma don a gwada, wanda ya ci kuma a garzaya da shi asibiti tun kafin a fara neman mai laifi. In kuma ɗanka ne aka kama, ka nemi lauya, in ba ka da hali akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya mai ofisoshi a jihohi, ka tambaya da wane sashe ake tuhumarsa, da wane aiki aka ce ya yi.